Firam ɗin keken tsere na ƙarfe, ba suna ba tambari: wa ya ƙera shi?

Magajin Kawu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san tsofaffin kekunan tsere.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, ya bar wani keke da ya fi shekara talatin yana hawa. Da aka zo raba kayansa ba wanda ya waiwayi keken, don wilin gaba ya lanƙwashe, sirdi ya yage, sarƙa kuma ta ci tsatsa har ta sandare. Ni na ce a bar mini. A kan sandar keken nan ya riƙa ɗora ni ina ƙarami, hannuwana riƙe da tsakiyar kan keken, haɓarsa na taɓa ƙeyata. Shi ma na hannu ya saye shi, kuma tun ranar ba suna a jiki. Abin da kawai yake faɗa shi ne keken nan mutum ne ya zauna ya ƙera shi, ba inji ba.

Na kwance duk abin da zai kwantu. Yanzu saura firam da fok, sai kofin gidan feda na ɓangaren sarƙa da ya ƙi motsi duk ƙarfin da na sa. Ga abin da idona ya gani.

Fentin baƙi ne, na buroshi, kuma Kawu ne ya shafa da hannunsa, aƙalla sau biyu. Ya yi kauri har ya cike wasu lunguna. Ba sitika, ba bajo a goshi, amma idan na shafa yatsa a bututun goshin ina jin wasu ƙananan lotsa guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Bututun ba walda aka yi musu baki da baki ba, zura su aka yi cikin kwasfan mahaɗa, kuma kowace mahaɗa tana da dogon tsini mai santsi, ba ado ba zane. Kunnuwan baya, inda ake saƙala wili, masu kauri ne da dogon baki, da ɗan siririn sukuru ta baya, kuma da na kankare fenti da wuƙa na ga an buga BREV. CAMPAGNOLO. Siraran sandunan nan biyu da ke tasowa daga wilin baya zuwa ƙasan sirdi, ƙarshensu bai tsaya a gefe ba, an baje shi an naɗe shi ta saman mahaɗar har suka haɗu a tsakiya. Babu hujin kwalbar ruwa. A ƙafar fok ta dama akwai wani ɗan ƙullutun ƙarfe mai huji da tiredi a ciki, ban san aikinsa ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rashin nauyinsa. Da yatsa biyu nake ɗaga shi. Idan na ƙwanƙwasa tsakiyar bututu da farce, ƙarar siririya ce kamar ta kofin gilashi, idan na matso kusa da mahaɗa sai ta dushe.

Wani abokina ya ce tunda an rubuta Campagnolo, sunan kamfanin kayan keke na Italiya, to keken Italiya ne, in kai shi a wanke fentin da injin yashi, a yi masa ja, in sayi sitikar Colnago, sanannen maƙerin keke na Italiya, in manna. Zuciyata ba ta kwanta ba. So nake in san ainihin wanda ya yi shi, ko da ba sananne ba ne. Ta ina zan fara?

Ɗan Tsere ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta.

Ni dai ina bayan abokinka a zancen Italiya. Kunnen Campagnolo ba a sa shi a keken banza, ga dogayen mahaɗa marasa ado, irin yadda Italiyawa suke so. Kifa firam ɗin ka duba ƙasan gidan feda. In ka ga an huda shi da siffar fure mai ganye uku irin na jikin karta, Colnago ne. In zuciya ce, De Rosa. In harafin M ne, Masi. Ka duba kafaɗar fok ma, galibi suna sassaƙa tambarinsu a nan. Fenti mai kauri yana iya rufe sassaƙa gaba ɗaya.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Allah ya gafarta wa mamaci. Yaro, kafin komai, kada ka kai firam ɗin nan wajen injin yashi. Duk shaidar da ta rage maka tana ƙarƙashin baƙin fentin nan, kuma yashi ba ya bambance na Kawu da na asali. In mai injin ba shi da sauƙin hannu ma, bututu siriri irin wannan yana iya cin sa.

Ɗan Tsere, ka yi gaskiya cewa firam mai kyau ne, amma ka yi saurin ba shi ƙasa. Campagnolo kunnuwa yake ƙerawa ya sayar wa duk mai so. Maƙeri a Ingila ya saya, na Holan ya saya, na Beljiyam, na Amurka, har na Japan wasu sun saya. Haka mahaɗa. Nervex da Prugnat da Bocama duk kamfanonin Faransa ne, amma kayansu sun zagaye duniya a kwali. Haden a Birmingham yake a lokacin, Cinelli a Milan. Haka bututun kansa: Reynolds ko Columbus ba su ƙera keke, ƙarfe suke sayarwa. Saboda haka duk sunan da ka karanta a jikin wani ɓangare, sunan wanda ya sayar wa maƙeri kaya ne, ba sunan maƙerin ba. Shekara da shekaru ina ganin mutane suna faɗawa ramin nan.

Abin da ba ya ƙarya shi ne awo da tiredi, don kowace ƙasa da nata ta yi aiki a wancan zamani. Ka nemi aron kalifa, ma'aunin nan mai baki kamar sifana, wanda ke nuna har kashi ɗaya cikin goma na milimita. Tef ɗin tela ba zai yi ba.

Fara da gidan feda. Auna faɗinsa daga baki zuwa baki, bayan ka kankare fentin bakin. Na Italiya milimita 70 ne, ramin kuma 36, kofunansa biyu duk suna kwancewa yadda noti ke kwancewa. Na Ingila 68 ne, ramin inci 1.37, haƙora 24 a kowane inci, kuma kofin ɓangaren sarƙa tiredinsa na hagu ne, wato yana kwancewa ne in ka murɗa shi yadda hannun agogo ke tafiya. Ina zargin abin da ya sa kofinka ya ƙi fita ke nan: ɗaure shi kake yi kana zaton kwancewa kake. Na Faransa shi ma 68 ne, amma ramin 35 da tazarar milimita 1 tsakanin haƙora, duka biyun na dama. Na Suwizalan awonsa irin na Faransa ne sak, sai dai kofin sarƙa na hagu. Akwai kuma na masana'antar Raleigh da ke Nottingham, waɗanda suka yi nasu daban, haƙora 26 a inci, gidan kuma ya fi faɗi, 71 ko 76. Ka zuba man kwance tsatsa ta ciki, ka bar shi kwana biyu, ka damƙe kofin a bakin matsi, ka juya firam ɗin kansa a hankali. Kada ka sa guduma.

Sai bututu. Faransawa da awon mita suka yi nasu: na sama 26, na ƙasa da na sirdi 28. Sauran duniya da inci: na sama 25.4, sauran biyun 28.6. Wuyan fok na Faransa sandar kai mai 22.0 yake karɓa, na saura 22.2. Bambancin bai kai kaurin farce ba, amma ya isa ya raba maka ƙasa da ƙasa.

Na uku, sandar sirdi. In wadda Kawu yake amfani da ita tana nan, duba ƙasanta, ana buga awon. In bututu mai 28.6 ya karɓi sanda mai 27.2, bangonsa siriri ne ƙwarai, kuma hakan ake samu a bututu mai kyau samfurin Reynolds 531 da Columbus SL. In 25.4 ne ko 26, bututun talaka ne mai kauri. Ƙarar da ka ji tana canzawa ba kunnenka ba ne. Irin wannan bututu bakinsa biyu sun fi tsakiyarsa kauri, don wurin da wuta za ta taɓa ya jure, tsakiya kuma ya yi sauƙi. Reynolds ne ya yi rajistar wannan dabara tun 1897, ya fito da 531 a 1935.

Na huɗu, zare fok ɗin ka wanke wuyansa da kananzir. Wurin nan buroshin Kawu bai kai ba. A nan ake samun launin asali, a nan maƙera da yawa suke buga lamba don kada fok ya ɓace wa firam ɗinsa a wajen masu fenti, kuma a nan kamfanin bututu kan buga sunansa sama-sama. Ka haska tocila ta ƙasan wuyan. In ka ga tudu biyar suna murɗawa kamar igiya, alamar Columbus ce, ko da yake wasu kamfanonin Japan ma sun yi mai kama da haka.

Ka auna tazarar da ke tsakanin kunnuwan baya ta ciki, ka ɗora firam da fok a sikeli daban-daban, ka dawo mana da lambobi. Ƙullutun nan na ƙafar dama ina da magana a kansa, amma bari in ga awo tukuna.

Magajin Kawu ya amsa:

Baba, Allah ya saka da alheri. Wallahi ɗaure kofin nake ta yi. Na yi yadda ka ce, kwana biyu da mai, na juya ta hannun agogo, ya yi wata ƙara guda ɗaya sannan ya taho. Tiredin lafiya lau, har da sauran tsohon giris da ya koma kamar ƙaro.

Faɗin gidan feda 68. Na gwada sabon kofi irin na Ingila, ya shige da yatsa har ƙarshe bai cije ba. Bututun sama 25.5 na samu, na ƙasa 28.7, ina jin ɗan kaurin fentin da ban gama kankarewa ba ne. Sandar sirdin an buga 27.2 kuma tana shiga daidai, ba sako-sako ba matsi. Tsakanin kunnuwan baya 120. Firam kaɗai ya ɗan haura kilo 2, fok kuma kusan giram 700.

Ɗan Tsere, na duba ƙasan gidan feda, ba fure ba zuciya, a rufe yake ruf. Kafaɗar fok ma ba sassaƙa. Cikin wuyan sumul yake, ba tudu ko ɗaya.

Amma wuyan fok ɗin ya sa na zauna na yi shiru. Da na goge shi sai ga kore mai duhu, mai sheƙi kamar jiya aka fesa, ya hau kamar faɗin yatsa uku sannan ya ɓace cikin farin ƙarfe. Duk rayuwata baƙi na san keken nan. A sama da koren, in na karkata shi ga haske, ina iya karanta REYN da 531, sauran ya shafe. Sannan ga lamba huɗu da aka buga da hannu, 7341, ba su ma miƙe a layi ɗaya ba, 4 ɗin ta ɗan faɗa ƙasa. Na koma ƙasan gidan feda na bi a hankali da samfefa mai laushi, sai ga lambar nan dai, da 4 ɗinta a faɗe. Ba harafi a gaba, ba a baya.

Wani abu kuma. Da na leƙa cikin gidan feda da tocila na ga kamar kawunan ƙusa biyu sun leƙo ta inda bututu suka shigo. Ko wani ne ya taɓa yi masa gyara? Lotsan goshin kuwa huji ne da aka cike, tazararsu milimita 44, a tsaye.

Mai Kalifa ya amsa:

Yanzu magana ta fara fitowa. Italiya ta fita, Faransa ta fita, Raleigh na Nottingham ma ya fita. Bari in taimaka da shekaru, don nan na fi ƙarfi.

Tazarar 120 ta zamanin giya biyar ce a baya. Da aka koma shida da bakwai sai aka faɗaɗa zuwa 126, takwas kuma 130. Dogon kunnen Campagnolo shi ake yayi har tsakiyar shekarun 1970, daga nan gajere ya fara karɓe wuri a kekunan tsere. Rashin hujin kwalba ma ya dace, don kafin a fara liƙa su a jiki da zobe ake ɗaure komai, kwalba da hannun giya da madafar waya. In ka duba ƙasan bututun ƙasa, mai yiwuwa ka ga wani ɗan ƙaramin ƙarfe da aka liƙa don ya tare zoben hannun giya kada ya zame. Ka duba gadar birki ta baya kuma: in noti a waje yake ɗaurewa, tsohon salo ne, don wanda ke nutsewa ciki sai a shekarun 1980 ya yaɗu. Duka dai ina ajiye firam ɗin nan tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da tsakiyar na 1970. Kuma lambar ta fara da 73. Ni a ganina firam na 41 ne a shekarar 1973.

Da na karanta zancen sandunan da aka naɗe ta saman mahaɗa, Carlton ya fara zo mini, masana'antar Worksop da Raleigh ya saya a 1960 ya mai da ita wurin ƙera kekunansa masu kyau, har aka rufe ta a 1981. Su galibi tiredin Ingila na kowa suke yi, ba mai 26 ba. Amma lambobinsu da harafi suke farawa. Daga wajen 1974 ma tsarin a fili yake: W na Worksop, sai wani harafi na lokacin shekara, sai lambar farko ta nuna shekarar. Na sashen musamman da Raleigh ya buɗe a Ilkeston da SB suke farawa. Harry Quinn na Liverpool da Q. Naka ba harafi, kuma bajon Raleigh mai tsuntsu ƙusa uku yake ci, ba biyu ba.

Kada dai mu rufe ƙofa a kan Ingila kaɗai. Gazelle na Holan ya yi Champion Mondial da Reynolds 531, da kunnen Campagnolo, da tiredin Ingila, da naɗaɗɗun sanduna irin waɗannan. Maƙeran Beljiyam da yawa ma haka, kuma su sun saba ƙera firam ba suna, mai sayarwa ya liƙa nasa.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Mai Kalifa, shekarun da ka tsayar na yarda da su. Zancen 73 ne ban sa hannu ba. Wasu maƙeran shekara suke sawa a gaba, wasu a baya, wasu kuma lissafi suke bi tun daga firam na farko da suka yi, har ya kai dubbai. Lambar nan tana iya zama na 41 a 1973, tana iya zama firam na 7341 a wani gida da ya daɗe yana aiki. Ta dace da zatonmu, shi ya sa take da daɗin karɓa, amma a bar ta a zato.

Yanzu ƙullutun ƙafar dama. Mazaunin fitila ne. Ana ɗaura maƙalin fitilar batir a wurin. Kuma dalilin da ya sa yake dama shi ne a ƙasar da ake tuƙi ta hagu, ɓangaren dama ne ke fuskantar tsakiyar titi da motocin da ke tahowa. Holan da Beljiyam ta dama suke tuƙi. Wannan ɗan ƙarfe ya fi duk sauran alamu ja na zuwa Birtaniya, inda 'yan kulob ɗin keke kan yi tsere da keke ɗaya ranar hutu, su sa masa madigadi da fitila su hau shi sauran mako cikin ruwa da duhun hunturu. Ina da tabbacin kunnuwanka suna da ƙananan huji na madigadi. Ostiraliya da Japan ma ta hagu suke tuƙi, kuma maƙeran Ostiraliya da kayan Ingila suke aiki, don haka ban ce ba makawa ba. Na Japan kana iya gwada shi da awo: mazaunin zoben boris a kafaɗar fok 27.0 ne a yawancin nasu, na Turai 26.4.

Ƙusoshin da ka gani ba gyara ba ne, kada ka taɓa su. Kafin a sa wuta, maƙeri yakan jera bututu cikin mahaɗa, ya daidaita kusurwa, ya huda ya buga ƙusa don kada komai ya gusa sa'ad da tagulla ke narkewa tana bin lungu. In ya huce sai ya goge kan ƙusar ta waje da magagari, ta ciki ya bar ta. Kawunka gaskiya ya faɗa maka. Mutum ne ya yi shi.

Sunan mutumin kuwa, gara in faɗa maka tun yanzu, shi ne mai wuya. A shekarun nan ƙananan maƙera a Birtaniya suna da yawa sosai, kuma kaya iri ɗaya suke saye. Bob Jackson da Woodrup a Leeds, Mercian a Derby, Ellis Briggs a Shipley, Condor da Holdsworth a Landan, waɗannan sanannu ne kawai. Wasu masu sayar da keke ba su taɓa riƙe wuta ba, ba da aiki suke a yi musu su sa bajonsu. Holdsworth kansa ya sayi sunan Claud Butler yana fitar da firam da shi. Wani lokaci maƙeri ɗaya ya yi aiki a gida uku a rayuwarsa. Irin su Hetchins mai lanƙwasassun sandunan baya, ko Bates mai fok mai lanƙwasa biyu, daga nesa ake gane su, don da gangan suka yi hakan. Naka ba ya cikin masu shela.

Abin da ya rage shi ne hannun maƙerin, kuma ba a ganin sa sai fenti ya fita. Ka sa maganin cire fenti, wuri-wuri, kana kankarewa da katako ko roba. Fara da bututun ƙasa, inda ake rubuta suna. Baƙin kawai za ka ɗaga, ka tsaya da zarar kore ya bayyana. In dare ya yi ka kashe wuta, ka kwantar da tocila a jikin bututun yadda haske zai bi ta gefe. Inda sitika ta zauna shekaru, fentin ƙarƙashinta bai ƙone da rana ba, kuma yakan ɗan fi na kewaye tudu. Na taɓa karanta suna gaba ɗaya ta haka a firam ɗin da mai shi ya rantse ba komai a jiki. Bayan nan ka ɗauki hoto na kusa: yadda aka fiƙe tsinin mahaɗa, ko an rage masa kauri zuwa baki, yadda ƙarshen sanda ya haɗu da kunne, a kumbure ne ko a ƙwarƙware, siffar gadar birki, inda aka huda ƙananan hujin fitar iska, da siffar lambobin kansu. Kowane gida da saitin ƙarfen buga lambarsa. Wanda ya tara firam goma na maƙeri ɗaya yana ganin 7 ɗin nan da 4 ɗin nan zai ce nasu ne ko ba nasu ba. Tazarar hujin bajo 44 ma ka riƙe ta, da ita za ka kore sunaye da yawa.

Tunda hawa za ka yi, shafa yatsa a ƙasan bututun ƙasa da na sama, dab da mahaɗar goshi. In ka ji ƙunci ko kumburi, ya taɓa cin karo ta gaba. Ka leƙa cikin sandunan da ke bin sarƙa ma, nan ruwa ke kwana.

Ɗan Tsere ya amsa:

Na janye Italiya, Baba. Zancen fitilar nan ban taɓa jin sa ba sai yau. Ɗan'uwa, in ka tashi haɗa shi ka gwada wili kafin ka saya. Kekunan Ingila na lokacin da yawa na wili mai inci 27 ne, wanda bakinsa milimita 630, na yanzu kuma 622. Takalmin birki zai buƙaci sauka milimita 4, ba kowane birki ke kaiwa ba.

Magajin Kawu ya amsa:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Hujin madigadi suna nan gaba da baya, ɗan ƙarfen tare zobe ma yana nan, mai siffar zuciya, ƙarami kamar ƙwayar wake. Mazaunin zoben boris 26.4. Ba ƙunci a ƙasan bututu, na shafa har sau uku.

Dare biyu na yi a kan bututun ƙasa. Ɓangaren dama wani ya riga ya goge shi da samfefa har ƙarfe, tun kafin Kawu ina jin, ba abin da ya rage. Na hagu koren yana nan falle-falle. Da na kwantar da tocila na ga inuwar haruffa, masu tsayi, a tsaye, ba rubutun haɗe ba. Na ƙirga gurbi shida ko bakwai. Na biyu zagaye ne, O ko C ko G. Na ƙarshe yana da ƙafa biyu a tsaye, N ko H ko M. Tsakiyar kuwa daidai nan zoben famfo ya zauna ya cinye fentin. Na ɗauki hoto ta kusurwa biyar, na kuma ɗora takarda na goga fensir a kan lambar, 4 ɗin ta fito sarai, samanta a buɗe.

Ba zan sa masa Colnago ba, ba kuma zan sa wani suna da na zata ba. Na yanke shawarar ba zan taɓa koren ɓangaren hagu ba har sai na gama nuna wa duk wanda zai iya karanta shi. Wuyan fok ɗin zan kai wa mai haɗa fenti ya kwaikwayi launin. A kan sandar sama kuwa akwai wani wuri kamar tafin hannu inda baƙin Kawu ya goge ya yi santsi, daidai inda nake zama. Shi zan bari yadda yake.

Baba, in akwai wani maƙerin Birtaniya da ka sani mai suna haruffa shida ko bakwai, na biyu zagaye, wanda bajonsa ke cin ƙusa biyu a tsaye, don Allah ka jefo mini ko da guda uku ne in fara bi.